Matuƙan Ƙananan Jiragen Sama na Alaska da Zaman Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka

A watan Janairun 1925 cutar mashaƙo ta ɓulla a Nome, wani ƙaramin gari da ke gaɓar tekun Bering a yammacin Alaska. Maganin da ke hannun likitan garin ya daɗe har wa'adinsa ya wuce, teku kuma ya daskare, babu jirgin ruwan da zai iya isowa sai bayan watanni. An yi shawarar aikawa da sabon magani ta jirgin sama, amma jiragen da ke garin Fairbanks a wancan lokaci ba su da rufi, da ruwa ake sanyaya injinansu, kuma an riga an kwance su an ajiye saboda hunturu. Dole aka koma ga karnuka. Mutum 20 da karnuka kimanin 150 masu jan keken zamiya a kan dusar ƙanƙara suka yi ta miƙa wa juna maganin tun daga Nenana, tafiyar kilomita 1,085, har ya isa Nome cikin kwana biyar da rabi. Bayan 'yan watanni, da zafi ya shigo, wani matuƙi mai suna Noel Wien ya tashi daga Fairbanks ya isa Nome ta jirgin sama. Daga nan ne jirgin sama ya fara karɓe aikin karnuka, aka kuma sami wata sabuwar jama'a a ƙasar, wato matuƙan ƙananan jirage, waɗanda yanayin wurin ya tilasta musu dogaro da juna fiye da yadda aka saba gani a sauran sana'o'i.

Ƙasar da jirgi ya zama motar haya

Alaska jiha ce ta Amurka da ke can kusurwar arewa maso yammacin nahiyar, tsakanin Kanada da Rasha. Amurka ta saye ta daga Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, ta kuma zama cikakkiyar jiha a 1959. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ya kusa ninka Nijeriya sau biyu, amma ƙidayar 2020 ta sami mutum kimanin 733,000 ne kawai a cikinta. Kusan kashi 80 cikin 100 na garuruwa da ƙauyukanta ba su haɗe da hanyar mota ba. Ko Juneau, babban birnin jihar, sai ta ruwa ko ta sama ake shigarsa.

Dalilin rashin hanyoyin a ƙasa yake. A yawancin arewaci da tsakiyar jihar ƙasa daskararriya ce shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa da zafi ya zama taɓo. Titin da aka shimfiɗa a kai yakan lotsa ya tsattsage. Ga manyan duwatsu, ga koguna da fadamu marasa iyaka, ga kuma ƙauyuka masu mutum ɗari biyu ko ɗari uku da ke nesa da juna. Gina titin kilomita ɗaruruwa domin ƙauye guda ba zai biya kuɗin sabulu ba. Share fili guda na tsakuwa inda ƙaramin jirgi zai sauka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Saboda haka garin Bethel, alal misali, ya zama tamkar babbar tasha ga ƙauyuka fiye da 50 na yankin da kogunan Yukon da Kuskokwim ke faɗawa teku. Daga nan ake ɗaukar wasiƙu da gari da madara da magani, da malaman makaranta, da 'yan wasan ƙwallon kwando na sakandare masu zuwa karawa da ƙauyen maƙwabta. Mata masu juna biyu kan hau jirgi su zo Bethel makonni kafin lokacin haihuwa, su zauna kusa da asibiti, domin babu wanda zai iya ba da tabbacin cewa yanayi zai bar jirgi ya tashi ranar da naƙuda ta zo.

Jirgin da ke sauka a inda babu filin jirgi

Jiragen da ake wannan aiki da su ƙanana ne, yawancinsu inji guda da farfela guda. Biyu sun fi shahara. Na farko shi ne Piper Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1949, mai ɗaukar mutum biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Na biyu kuwa shi ne Beaver na kamfanin de Havilland na Kanada, wanda ya fara tashi a 1947. Kafin a zana shi sai da kamfanin ya tambayi matuƙan daji abin da suke bukata, shi ya sa aka yi masa ƙofa a kowane gefe, mai faɗin da gangar mai za ta shige, aka kuma sa bakin zuba man inji a cikin ɗakin matuƙi don kada sai ya fita cikin sanyi. An daina ƙera shi a 1967 bayan an yi fiye da 1,600, amma har yau ɗaruruwansu na aiki.

Ƙafafun jirgin kan sauya da sauyin lokaci. Da zafi wasu kan sa manyan tayoyi masu taushi, marasa iska da yawa, waɗanda ke haɗiye duwatsun bakin kogi. Wasu kan sa tankuna biyu dogaye masu siffar kwalekwale, jirgin ya sauka a tafki. Da hunturu kuma sai allunan zamiya. Tafkin Hood da ke birnin Anchorage shi ne tashar jiragen sauka a ruwa mafi hada-hada a duniya, idan kuma ya daskare sai a ci gaba da sauka a kan ƙanƙararsa.

Ɗalibin kimiyya zai so ya san yadda jirgi ke sauka a ɗan tsibirin yashi da bai fi filin ƙwallo tsawo ba. Ƙarfin da ke ɗaga jirgi ya dogara ne da faɗin fiffike, da kaurin iska, da saurin da iskar ke bi ta kan fiffiken. Jirgi marar nauyi mai faffaɗan fiffike ba ya bukatar gudu sosai kafin ya tashi. Super Cub na iya zama a sama yana tafiyar kilomita 70 kacal a awa. Abin lura shi ne fiffike bai san gudun da jirgi ke yi a ƙasa ba, gudun iska kawai ya sani. Idan matuƙi ya fuskanci iska mai gudun kilomita 30 a awa, to a ƙasa kilomita 40 yake yi, gudun da bai kai na babur a cikin gari ba. A garin Valdez akan yi gasar gajeren tashi da sauka a watan Mayu na kowace shekara, kuma an sha ganin jiragen da aka rage wa nauyi musamman sun tsaya cik cikin tazarar da ba ta kai mita 5 ba.

Abin da sanyi ke bayarwa da abin da yake karɓa

Sanyi na da nasa alheri. Iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri, domin ƙwayoyinta sun fi matsuwa. Idan matsin iska ɗaya ne, iskar da ke digiri 40 ƙasa da sifiri ta fi ta digiri 30 sama da sifiri kauri da kimanin kashi 30 cikin 100. Fiffike na samun abin dafawa, inji na samun iskar ƙona mai, jirgi kuma ya tashi da wuri.

Sai dai abin da sanyin ke karɓa ya fi yawa. A Prospect Creek an taɓa auna digiri 62 ƙasa da sifiri a Janairun 1971. Tun kafin a kai nan man inji kan yi kauri kamar madi, har ya kasa zagayawa. Matuƙan farko kan tsiyaye man da zafinsa da zarar sun sauka, su shiga da shi masauki su ajiye kusa da murhu. Da asuba sai su lulluɓe injin da tamfol, su kunna ɗan risho a ƙarƙashi, su tsuguna a ciki awa guda ko fiye suna gadin wutar, don jirgin da aka yi da katako da ƙyalle ba ya wasa da wuta. A yau akwai na'urorin ɗumama inji na lantarki, amma a bakin kogi babu inda za a jona su.

Akwai kuma raɓar da ke daskarewa a kan fiffike cikin dare. A ido ba ta da wani kauri, ba ta fi takardar goge katako kaushi ba, amma tana hargitsa tafiyar iska har ta iya rage ƙarfin ɗagawa da kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa ake sa wa fukafukai riga da daddare. Sabon matuƙi yakan karanta wannan a littafi, amma galibi ba ya zama masa jiki sai ranar da wani dattijo a filin ya sa shi ya cire safar hannu ya shafa fiffiken da tafinsa.

Labarin yanayi dukiyar kowa ce

Abin da ya fi kashe matuƙa a Alaska shi ne rashin gani. Ƙananan jiragen nan yawanci da ido ake tuƙa su, ana bin kogi ko gaɓar teku ko mashigin duwatsu. Idan gajimare ya rufe rana a kan filin dusar ƙanƙara, haske kan watsu ta kowace fuska, inuwa ta ɓace, sama da ƙasa su zama fari guda. Wanda ya taɓa tafiya cikin hazo mai kauri na hunturu ya san wani abu daga cikin wannan, sai dai a nan iskar na iya kasancewa garau, idon ne kawai ya rasa abin kamawa. Can cikin kunnen ɗan'adam akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa jiki ko ya karkata. Idan jirgi ya juya a hankali, ruwan yakan daidaita, sai jiki ya yi rantsuwa cewa a miƙe ake tafiya alhali fiffike guda na nuna ƙasa. Kamfas ma ba ya cika gaskiya a can, saboda kusancin wurin da kan maganaɗisun duniya na arewa yana sa allurarsa jinkiri da karkata. A garin Utqiagvik, can ƙuryar arewa, rana ba ta fitowa sam daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu.

Tashoshin auna yanayi kuwa 'yan kaɗan ne a ƙasa mai wannan girma, kuma yanayin wani kwari na iya bambanta da na kwarin da ke bayansa. Mutumin da ya san halin da mashigin Rainy ko na Lake Clark ke ciki a wannan sa'a shi ne wanda ya fito daga cikinsa yanzu. Don haka ba da rahoton yanayi ta rediyo ya zama al'ada mai ƙarfi: tsawon gajimare daga ƙasa, nisan da ido ke kaiwa, ko ƙanƙara na kama fiffike, ko iska na jijjiga. Matuƙin kamfanin da ke gogayya da wani a kasuwa yakan gaya wa abokin hamayyarsa cewa mashigi ya rufe, ya juya. A cikin mashigin kuma, inda babu hasumiyar da ke ba da umarni, kowa kan faɗi inda yake da tsayinsa da inda ya nufa a tashar rediyo guda da aka amince da ita, yana ambaton sunan dutse ko gwiwar kogi da kowa ya sani, domin jirage biyu na iya fuskantar juna a kwari ɗaya.

Irin wannan ilmi kaɗan ne daga cikinsa ke shiga taswira. Wane tsibirin yashi ne ya yi taushi bana, wane tafki ne ruwa ke kwance a ƙarƙashin dusarsa, ta wane gefen kwari ya kamata a bi don a sami wurin juyawa, duk a baki ake karɓar su, a rumfar gyaran jirgi ko a kan kofin gahawa ranar da hazo ya hana kowa tashi.

Idan wani bai dawo ba

A Nuwamban 1929 Carl Ben Eielson, wanda ya fara kai wasiƙu ta sama a Alaska a 1924, ya tashi tare da makanikensa Earl Borland zuwa gaɓar Siberiya, inda ƙanƙara ta tsare wani jirgin ruwa mai suna Nanuk. Ba su isa ba. Matuƙan Alaska suka bar ayyukansu suka bazama nema cikin duhun hunturu, 'yan Kanada da na Tarayyar Sobiyet suka shigo ciki, alhali a lokacin Amurka ba ta ma da hulɗar jakadanci da Sobiyet. A ƙarshen Janairun 1930 Joe Crosson da Harold Gillam suka hango tarkacen jirgin. Gillam a lokacin sabon shiga ne, bai daɗe da koyon tuƙi ba. Bayan shekara 13, a Janairun 1943, nasa jirgin ya faɗi a duwatsun kusa da Ketchikan. Ya bar fasinjojinsa ya tafi neman taimako a ƙafa, ya rasu a hanya. Huɗu daga cikin fasinjojin sun rayu kusan wata guda a dajin kafin a same su.

Daga irin waɗannan abubuwa ne wasu ƙa'idoji suka samo asali. Ba a tashi sai an gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Dokar jihar ta wajabta wa jirgi ɗaukar guzurin mako guda ga kowane mutum, da gatari, da wuƙa, da kayan kamun kifi, da abin kunna wuta, da akwatin taimakon gaggawa, da abin ba da alama, har da ragar rufe fuska saboda sauron lokacin zafi. Daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Afrilu sai a ƙara da jakar barci da bargo da takalman tafiya a kan dusar ƙanƙara. Tsofaffin matuƙa kan ƙara da cewa ashana da wuƙa a aljihun riga ya kamata su kwana, domin wanda ya tsira daga jirgin da ke nutsewa ba ya fita da komai sai abin da ke jikinsa.

Ba kowane nema ne ke ƙarewa da samu ba. A Oktoban 1972 wani jirgi ɗauke da 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Hale Boggs da Nick Begich, ya ɓace tsakanin Anchorage da Juneau. An yi kwana 39 ana nema, har yau ba a ga ko ƙusa guda ba. A cikin shekarun 1970 ne aka fara tilasta wa ƙananan jirage ɗaukar wata na'ura da ke kunna kanta idan jirgi ya bugi ƙasa, ta yi ta aika sigina. Na zamanin yanzu da tauraron ɗan'adam suke magana, suna kuma faɗin wane jirgi ne.

Ɓangaren da ba a cika yabo ba

Zaman tare na da nasa nauyi. Ƙauyen da ya yi kwana biyar bai ga jirgi ba yana jira, fasinja na matsawa, mai kamfani na lissafi, ga kuma labaran jaruman da, waɗanda aka ce babu yanayin da ke hana su tashi. Matashin matuƙi da ya ga wani ya tashi yakan ji kunyar zama. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi nazari na musamman a kan Alaska a 1980 da kuma 1995, ta kuma ambaci wannan matsin lamba cikin musabbaban haɗari. Alƙaluman hukumomin lafiya sun nuna cewa daga 1990 zuwa 1999 matuƙa 107 ne suka mutu a bakin aiki a jihar, wato ninkin da ya kai kusan 100 na abin da ake samu ga matsakaicin ma'aikaci a Amurka. Gaskiya ita ce jaruntakar da aka daɗe ana yabo ta ci rayuka masu yawa da haƙurin yini guda zai tsirar.

Gyaran da aka yi, idan an duba, faɗaɗa tsohuwar al'adar ba da labari ne ta hanyar na'ura. Daga 1999 hukumar sufurin sama ta fara wani shiri mai suna Capstone a yankin Bethel. Aka sa wa jirage na'urar GPS da allon da ke nuna tudu da kwari, da kuma wata na'ura da ake kira ADS-B, wadda ke shelar matsayin jirgi da tsayinsa kowace daƙiƙa ga duk wanda ke kusa. Haɗurran jiragen da aka sa wa kayan sun ragu da fiye da kashi 40 cikin 100, kuma wannan fasaha da aka gwada a kan ƙauyukan Yup'ik ita ce daga baya aka wajabta a manyan hanyoyin saman Amurka a 2020. A shekarar 1999 ɗin ne kuma aka fara kafa kyamarori a mashigai da filayen ƙauye, yanzu suna wurare fiye da 200, ta yadda matuƙi zai ga halin da mashigi ke ciki ta intanet kafin ya kunna inji. Haɗarin dai bai ƙare ba. Tsohon sanatan jihar Ted Stevens ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgi kusa da Dillingham a Agustan 2010, kuma a Fabrairun 2025 wani jirgi ya faɗi a kan ƙanƙarar teku a hanyarsa daga Unalakleet zuwa Nome, mutum 10 suka rasu.

Jama'ar ta wuce masu riƙe sitiyari kaɗai. Akwai makanikai, akwai wakilin kamfani a ƙauye mai leƙa sama ya ba da rahoto kafin jirgi ya taso, akwai kuma 'yan asalin ƙasar da suka shiga sana'ar da kansu, irin su Ellen Paneok, 'yar ƙabilar Inupiat, wadda aka sani da mace ta farko cikin 'yan asalin Alaska da ta zama matuƙiyar daji. A watan Maris na kowace shekara, lokacin tseren karnuka na Iditarod da aka fara a 1973, wanda ke ƙarewa a Nome, matuƙa 'yan sa-kai ne ke jigilar abincin karnuka da ciyawar shimfiɗa da likitocin dabbobi zuwa zangon-zangon hanyar, su kuma dawo da karnukan da suka gaji. Jikokin karnukan da jirgi ya karɓe wa aiki yanzu a cikin jirgin suke komawa gida.

A wani dare na Agustan 2020 aka kira jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Igiugig, ƙauye mai mutum kimanin 70 a bakin tafkin Iliamna, saboda wani ƙaramin yaro ko yarinya da ke bukatar asibiti cikin gaggawa. Fitilun filin saukar suka ƙi kamawa, jirgin ya yi ta shawagi a sama. Mutanen ƙauyen suka buga wa juna waya, suka fito da motoci da babura masu ƙafa huɗu, wasu da kayan barci a jikinsu, suka jera a gefen filin suka kunna fitilu. Jirgin ya sauka, ya ɗauki marar lafiyar, ya tashi zuwa Anchorage.